Dakalin Baba Tanko

Duk wanda ya yi wata uku yana ɗaukar kwanon siminti a cikinku sai ya fara kallon cokalin gini kamar an hana shi gadonsa. Ina ganinku sarai. Ku tsaya a bayana kuna cewa ai jera bulo ba wani abu ba ne, a shafa kwaɓi, a ɗora, a bubbuga, shi ke nan. Gaskiyarku. Da jera bulo ne kaɗai aikin birkila, da tuni na koya wa matata na zauna a gida ina jin rediyo. Shekarata talatin da ɗoriya a wannan sana'a a Kudu, kuma abin da ya taɓa kai ni ƙasa ba bene ba ne, ba kankare ba ne. Dakali ne.

A Anacha na koyi aiki. Na zo daga ƙauyenmu na wajen Kazaure da ɗan sanin ginin ƙasa da na samu wurin kawuna, na fara da dakon albasa a kasuwar Ose Okwodu, daga nan wani magini ɗan Ibo da muke kira Oga Emeka ya ɗauke ni lebura. Shekara biyu bai bar ni na taɓa cokali ba. Igiya ya fara ba ni, da tef, da ɗan tiyon nan mai ruwa da ake daidaita tsayi da shi. Idan na ja igiya ta karkace ko da faɗin farce ne, ba ya faɗa, ƙafa kawai yake sa wa ginin ya wuce. Kuma kafin a sa diga a kowane fili sai ya zagaya da ni, ya ce in nuna masa inda ruwa zai bi in sama ta sauko. Ni a raina ina cewa wannan mutum ɓata lokaci yake yi. Cokalin da ya ba ni ranar da ya sallame ni yana nan a jakata, bakinsa ya cinye ya koma rabi, amma ba na ba kowa aronsa.

Da na koma Fatakwal sai na tarar da wani ubangidan da ba a gaya mini labarinsa ba, wato ƙungiyar masu gidaje. A gida in za ka yi gini, ka gaida mai unguwa, ka sanar da maƙwabta, ka ce bisimilla. A nan kowane layi yana da kwamitinsa, da ciyaman, da sakatare mai babban littafi. Su ne za su gaya maka tsayin katanga, da ɓangaren da ƙofa za ta buɗe, da ranar da tifa za ta shigo da yashi, da inda za ta juye shi. Ranar Lahadi da safe ko guduma ba ka ɗagawa. Na sha yi musu dariya, don mutane ne da za su iya cinye zama guda a kan launin fentin ƙofa. Amma ku je ku ga layin da ba shi da su in damina ta kankama. Wannan ya tura ruwansa wa wancan, wancan ya gina shago a kan lambatu, sai ka ga mutane suna shiga gidajensu da takalmi a hannu.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na Alhaji Garba ne, dillalin shanu, wanda ya sayi fili a wani layi da ke bayan Rumuokoro. Shi ne Bahaushe na farko da ya mallaki gida a layin, kuma ya san haka, don ya ce mini ba ya son a ji kansa da kowa. Ranar da za mu fara, sakataren kwamiti ya zo da takarda ya karanta mana ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya. Katangun gaba duk a kan layi ɗaya miƙe. Ba a ɗora ɗaki a jikin katangar gaba, ke nan babu zaure. Tsakanin katanga da lambatu kuma ba a gina komai. Na gyaɗa kai, Alhaji ya sa hannu. Wata takwas muka yi, kuma ba yabon kai ba, gidan ya fito. Ciyaman ɗinsu, Mista Wobo, tsohon ma'aikacin hanyoyi ne da ya yi ritaya, ya zo da tef ɗinsa ya auna katangar, bai sami abin cewa ba. A layin kaɗai na samu aiki biyu a dalilin wannan gida.

Da aka tare, Alhaji ya je ya ɗauko mahaifinsa, Baba Tanko. Tsoho ne da ƙafafu suka gaza, matarsa ta rasu, a ƙauye kuma babu wanda ya rage kusa da shi sai wata 'yarsa da ke aure a wani gari. Alhaji ya gina masa ɗaki na kansa da banɗaki a ciki, ni na zuba daɓen da hannuna don kada ya yi santsi. Burinsa ke nan a duniya, tsohon ya ƙarasa kwanakinsa a gabansa.

Kwana biyar Baba Tanko ya yi ya ce a mayar da shi. Ya ce shi bai yi laifin da za a kulle shi ba. Shekara hamsin yana zama a dakalin ƙofar gidansa, mai wucewa ya gaishe shi, ya tambayi wannan gona, ya tambayi wancan mai jego, a nan kuwa tun safe har dare katanga ce da ƙofar ƙarfe. Alhaji ya sa aka buɗe ƙofar aka ajiye masa kujerar roba a bakinta. Tsohon ya dubi kujerar ya ce shi ba maigadi ba ne. Ya rage cin abinci. Sai Alhaji ya kira ni.

"Malam Sule, ka yi wa Baba dakali. In ba haka ba wallahi tafiya zai yi, kuma ba ni da wanda zan bar wa shi."

Na ce to, gobe. Ku lura, ban manta da takardar sakatare ba. Ina sane da ita. Abin da ya faru shi ne, a kaina dakali ba gini ba ne. Gini shi ne ɗaki, shago, rumfa. Wa ya taɓa neman izinin dakali? A garinmu ragowar ƙasar gini ake tarawa a jikin bango a lailaye, ko sunan aiki ba a ba shi. Alhaji ma haka ya ɗauka. Mu biyu, da gemunmu, ko a mafarki ba mu kawo cewa akwai wanda za a tambaya ba. Gidan Mista Wobo kuwa gida huɗu ne tsakani.

Da na auna sai na ga tsakanin katanga da lambatu ƙafa ɗaya da rabi ce. Wannan ba ta isa tsoho ya miƙe ƙafa ba, balle baƙo ya zauna kusa da shi. Sai na tsallaka da dakalin kan lambatun. Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗaure rodi in zuba kankare mai ɗaukar kansa, amma wannan aikin kwanaki ne, Alhaji kuma yana gaggawa. Sai na sauke bulo biyu a tsakiyar lambatun na yi ginshiƙi, na ɗora a kai. Lokacin rani ne, lambatun a bushe yake, ƙadangaru na yawo a ciki. Ni da na yi shekaru ina ganin ruwan Fatakwal, ranar hannuna ya koma Kazaure, inda lambatu ke wata takwas bai ga ɗigo ba. Yini ɗaya na gama, na yi masa filasta mai laushi, na zagaye gefensa don kada ya ci wa tsoho cinya.

Baba Tanko ya warke a kan dakalin nan. Da hantsi a shimfiɗa masa buzu, a ajiye buta da goro, yana nan har azahar, da la'asar ya sake fitowa. Ba ya jin Turanci ko na kasuwa, amma babu mai wucewa bai sha gaisuwa ba. Masu okada suka san shi. Maƙwabciyarsu ta ƙasa, Madam Ibinabo, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu, in ta dawo daga kasuwa takan ajiye jakarta a ƙarshen dakalin ta huta, shi yana Hausa, ita tana Turanci, kowa yana gyaɗa kai. Sakatare ya zo sau ɗaya ya yi wa Alhaji magana, Alhaji ya ce za a duba, aka yi kunnen uwar shegu. Ni kuwa in na wuce tsohon yakan ɗaga hannu ya ce, magini, Allah ya yi albarka. Na ji daɗin wannan addu'a ƙwarai.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko wata Talata da rana, kamar da bakin ƙwarya. Ledoji da robobin ruwa da duk sharar rani suka taho suka maƙale a jikin bulona biyu. Lambatun ya toshe, ruwa ya hau titi, ya nemi gangare, gangaren kuma ƙofar Madam Ibinabo ce. Da aka kira ni na iso, ruwan ya janye, ya bar layin laka a bangon falonta har gwiwa. Katifa da buhun garin rogo ba su dame ta ba. Akwatin takardun mijinta da hotunansu ne a ƙarƙashin gado. Na same ta tana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya tana shanyawa a kan tebur, fuskokin duk sun narke. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwamitin yana zama ranar Lahadin farko ta kowane wata, bayan an taso daga coci, a farfajiyar gidan ciyaman. Masu gidaje ne kaɗai ke zama a kujera su yi magana, ɗan haya da ma'aikaci sai dai su tsaya daga baya. A nan na tsaya, hulata a hannu. Mista Wobo ya sa sakatare ya karanta ƙa'idar, sannan ya nuna sa hannun Alhaji. Ya juyo ya dube ni.

"Malam, you no see gutter?"

Na ce na ga lambatun. Ya ce to me ya sa. Na ce masa da ɗan Turancina ban ɗauki abin a matsayin gini ba. Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce duk abin da aka kwaɓa wa siminti gini ne. Aka ɗaga hannu. Hukunci biyu suka yanke: a rushe dakalin cikin kwana uku, ni kuma kada a sake ganina da kayan aiki a layin har wata shida.

Alhaji ya hau dokin zuciya. A hanya yake ce mini don shi Bahaushe ne aka yi masa haka, da ɗan garin ne da an rufe maganar. Na ce masa Alhaji, a wannan karon dai ba haka ba ne, ruwa ne ya shiga gidan mutane, kuma bulona ne ya tura shi. Bai ji daɗin maganar ba, ya rantse ba zai ƙara taka wurin zamansu ba.

Ni na rushe shi, don ban yarda wani ya zo ya fasa wa katangata jiki ba. Baba Tanko ya sa aka fito da shi, yana dogare da ƙofa yana kallo. Ginin yini ɗaya, amma sai da na yi gumi, don na zuba masa siminti da gaske. Da na gama kwashe ɓaraguzai ya kira ni.

"Magini, kai ka gina, kai ka rushe. To ni ina zan zauna?"

 Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji a bakin aiki ba.

Wannan shekarar ita ce mummunar shekarata. Ciyamomin layuka sun san juna, coci ɗaya suke zuwa, biki ɗaya suke ci. Kafin wata ya ƙare sunana ya zama birkilan da ya toshe lambatu. Aiki biyun da na samu a layin suka tafi, wani na uku a gaba ya bi su. Na koma yin yini a ƙarƙashin mutanen da ni na koya musu riƙe cokali, har Inugu na je zuba kankaren bene na sati uku. Ba na ƙorafi, wanda ya yi kuskure da hannunsa ba ya neman wanda zai ɗora wa. Amma duk inda nake, tambayar tsohon tana raina.

A Inugu dabara ta zo mini, ina cin abinci a kan buhun siminti. Idan ba a yarda dakali ya fito waje ba, katanga ta koma ciki. A yanke ƙafa bakwai daga katangar gaba, a ja ta baya ƙafa uku cikin filin Alhaji, a yi ɗan lungu mai kallon titi, dakalin ya zauna a ciki. Bai taɓa lambatu ba, bai ci ƙasar kowa ba, har ɗan rufi za a iya yi masa saboda ruwa. Na yage takardar buhun na zana da fensirin kafinta. Abu ɗaya ya rage, ƙa'idar da ta ce katangu su miƙe a layi ɗaya. Wannan sai kwamiti.

Da na dawo na tare Mista Wobo a bakin layi, tunda ba na son a gan ni a ciki, na miƙa masa takardar buhun. Ya juya zanen, ya tambayi inda ruwan rufin zai zuba, na nuna masa. Ya ce abin ya yi ma'ana, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma takarda daga hannun mai gida take shiga, ba daga hannun birkila ba. Alhaji kuwa yana kan rantsuwarsa. Sai da na yi sawu uku zuwa kara, kasuwar shanu, ina ba shi baki kafin ya yi kaffara ya sa hannu, kafin nan zaman wannan watan ya wuce. Zama na gaba bai yiwu ba, rabin kwamitin sun tafi ƙauye binne surukin wani. A na gabansa aka karanta takardar, aka naɗa mutum uku su je su ga wurin da idonsu, wurin da kullum suke wucewa ta gabansa. Na ji haushinsu a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma haka suke aiki da kowa, ko ɗan uwan ciyaman ne.

Tsoho bai san da wani littafin sakatare ba. Shi dai ya ga damina ta kankama, yana ɗaki, yana jin motsin mutane a bayan katanga ba ya ganinsu. Alhaji ya yi ta ce masa ya ƙara haƙuri, takarda na hanya. Ya daina amsawa, ya koma kwanciya fuska ga bango. A wata na uku Alhaji ya tsorata kada ya mutu masa da baƙin ciki, ya sa shi a gaban wata tirelar shanu da za ta koma Arewa, ya haɗa shi da direban da ya yarda da shi. A bakin titi na yi masa sallama. Ya ce Allah ya ba mu alheri, bai ƙara komai ba.

A zama na huɗu aka amince. An ce mini Madam Ibinabo ce ta fara ɗaga hannu, ta ce ruwa ne ya yi mata ɓarna, ba tsohon ba. Ba wanda ya ƙi. Har dakatarwata suka ɗage don in yi aikin da kaina. Mista Wobo ya miƙo mini kwafin takardar da hatimi a jiki, ya riƙe gefenta bai saki ba, ya ce da wannan zanen na kawo musu tun rani, kafin in taɓa siminti, da a zama ɗaya za su sa hannu, don babu mai gardama da abin da bai ɓata wa kowa ba. Ya faɗa ne cikin sauƙi, kamar mai ba da labarin farashin yashi. 

Ban tsaya ba sai kara. Na sami Alhaji a cikin shanu, sanda a kafaɗa, ana ciniki. Na ba shi takardar. Ya sa aka karanta masa, ya koma gefe ya kira gida, aka kai wa Baba waya. Na ga yana magana, yana saurare, yana magana. Ya daɗe. Da ya dawo ya ninke takardar ya mayar mini.

"Ya ce dakalinsa na can ba ya buƙatar hatimi. Ya ce ya gaji da hanya." Ya dubi shanun ya ce, "Bar katangar yadda take, Malam Sule."

Baba Tanko ya rasu a ranin da ya biyo baya. Maƙwabta ne suka lura bai fito ba har hantsi. Daga Fatakwal zuwa garinsu tafiyar kwana da yini ce, Alhaji ya isa an riga an dawo daga maƙabarta. Har yau yana ba ni aiki, ni na yi masa shagunansa na bakin kara, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Ni ne ban yafe wa kaina ba. Mutumin nan ya gina gida sukutum don ya riƙe hannun ubansa a ranar ƙarshe, ni kuma na hana shi, saboda na ƙi taka gida huɗu in yi sallama in tambaya.